Shekarar da Aka Sauke Mama daga Ba da Waƙa

Murna, ke kika jawo wannan babin. Da kika dawo daga jana'izar da aka yi a ƙauye bara, kin tsaya a ƙofar kicin kina murza yatsu, kika ce wata tsohuwa ta faɗa miki wai an taɓa sauke kakarku daga ba da waƙa a ikilisiya saboda ta rera waƙar tsafi. Na ce miki ƙarya ne, na ci gaba da yankan kuɓewa. To, rabinsa ne ƙarya. An sauke ta, wannan gaskiya ne, kuma ni ce sanadi. Tunda yanzu na ajiye alli, gwiwoyi kuma sun hana ni yawo, bari in zauna in rubuta muku ku uku, ke da Dauda da Alheri, kada wata rana ku ji labarin a bakin wanda bai san farkonsa ba balle ƙarshensa.

Kun san kakarku Saratu da tsufa, tana zaune a kujerar roba tana yi muku faɗa a kan ɓarnar ruwa. Ba ku san ta da ƙarfinta ba. Ba ta taɓa shiga aji ba, da babban yatsa take sa hannu. Amma a ƙauyenmu, can tsakanin Gidan Waya da Godogodo, in baƙo ya ce gidan Uwar Waƙa yake nema, ko yaro ɗan shekara huɗu zai nuna masa. Ita ke ba da waƙa a Zumuntar Mata, sauran mata suna amshi, da tulun kiɗa da kacau-kacau. Mai bishara zai karanta aya ran Lahadi, kafin Laraba Mama ta mai da ita waƙa, da muryarta da amshinta, ba kuma za ta manta ko kalma ɗaya ba. Takan riƙe littafin waƙoƙi a hannu don kada a ce ba ta da shi, sau da yawa a juye. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗar Baba ba, amma in ta ɗaga murya a majami'a har kwanon rufi yakan amsa. A shekarar da nake ba ku labari an zaɓe ta ta ba da waƙa a babban taron mata na gunduma da za a yi a Kafanchan bayan Ista. Ba a taɓa zaɓar kowa daga ƙaramar ikilisiyarmu ba sai ita. Tun damina ta shirya sabuwar waƙa saboda taron, tana rera ta a gona, a rafi, a bakin murhu, har mu ma ta shige mana kai.

Ni kuwa ina ajin ƙarshe a sakandare, kemistiri ya sha mini kai. Malamarmu 'yar bautar ƙasa ce, ta gama shekararta ta koma garinsu, ba a aiko wani ba. Ɗakin gwaje-gwajenmu kwalabe ne kawai a jere, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Kafin ta tafi ta cika mana allo da wasu sunaye, ta ce radikal ne, mu kwafe mu haddace, don ba wanda zai rubuta sunan gishiri ko daidaita lissafin kemistiri ba tare da su ba. Abin da ake nufi, tunda a cikinku Dauda ne kawai ya bi kimiyya, wasu ƙwayoyin atam ne da ke haɗa kai suna tafiya tare kamar 'yan gida ɗaya, kowane gida da sunansa, da haruffansa, da lambar cajinsa, ko ragi ko ƙari. Salfet, naitiret, kabonet, fosfet, haidiroksaid, amoniyam, da 'yan uwansu, sun kai ashirin. In ka ba wani lambar wani, duk abin da ka gina a kai ya rushe. Ni kuwa kullum sai na ba wani lambar wani. In haddace da safe, kafin in isa makaranta sun watse kamar kajin da shaho ya sauka a cikinsu. A gwajin ƙarshen zango na farko, abin da na samu ba zan rubuta shi a nan ba, don har yau ina da sauran kunya.

Baba, kakanku Ishaku, ya riƙe takardar nesa da ido, ya duba jan biro, ya ajiye. Ba mai faɗa ba ne, amma in ya yi magana sau ɗaya ba ya maimaitawa.

"Tabita, jarrabawan nan sau ɗaya za ki zauna. Ƙannenki huɗu suna bayanki a layi. In kin ci, Allah ya taimaka. In ba ki ci ba, ga gona, ga keken ɗinki na gwaggonki."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban kuma gani ba yanzu. Sai dai ni na riga na sa rai a kwalejin malamai, fannin kimiyya, kuma ba a shiga sai da kemistiri.

Hutun Kirsimeti lokacin tsaga citta ne. Akan zauna a kan faffaɗan dutsen da ke bayan gidanmu, kowa da wuƙarsa, a tsaga a baza ta bushe, yatsu su yi ta zafi har washegari. Na ɗora littafina a cinya, na danne da dutse, ina tsaga ina gunaguni. Mama ta jure kwana biyu, a na uku ta ajiye wuƙa.

"Me kike ɓararraka haka kaman tukunyan wake?"

"Karatu ne, Mama. Ba ya zama."

"Faɗa in ji."

Na faɗa mata. Salfet, es o fo, tu mainos, wato ragi biyu. Naitiret, en o tiri, wan mainos. Ta sa na maimaita har sau uku, ta karkata kai irin yadda take yi in mai bishara na karatu.

"To ai ba zai zauna ba. Kin taɓa ganin an ɗebo ruwa a kwando? Magana in ba shi da murya, zubewa yake. Ni zan kira, ke ki amsa."

Ta gyara zama, ta ɗauki wuƙa tana buga ƙotarta a dutse. Muryar da ke bakinta a kwanakin nan ita ce ta sabuwar waƙar Kafanchan, kuma ta dace, don kiranta dogo ne, amshinta gajere. Ba ta tsaya tunani ba, ni ma ban tsaya ba.

"Salfet, salfet, ina kake?"

"Es o fo, tu mainos."

"Kabonet, kabonet, ina kake?"

"Si o tiri, tu mainos."

Kafin rana ta yi tsaka ta haddace duka ashirin ɗin, ita da ba ta san ko harafi ɗaya a cikinsu ba. Ta ma yi abin da malamarmu ba ta yi ba. Ta sa na karanta mata lambobin, ta ce wane ne ya jera su haka kamar kayan gwanjo. Ta tara masu ragi ɗaya a baiti ɗaya, masu ragi biyu a baiti na biyu, fosfet mai ragi uku ta ba shi nasa. Amoniyam kuwa, da ta ji shi kaɗai ne mai ƙari a jerin da aka ba mu, sai ta ce baƙo ne, a ajiye shi a ƙarshe a ba shi ruwa. Daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Ina shara za ta kira, ina wanka za ta kira daga tsakar gida, ina cikin cin tuwo za ta kira, in amsa da loma a baki. Baba yakan ce ya auri mace ɗaya, ya wayi gari da rediyo biyu. Da aka koma makaranta, a karo na farko na daidaita lissafi guda biyar a jere ba kuskure, na dawo gida da gudu kamar an biyo ni.

Matsalar ta faro ne daga bakin Mama da kanta. Wata Laraba da yamma mata suna koyon waƙa a majami'a, saura mako biyar taron. Mama na gaba, ta rufe ido, waƙa ta yi daɗi, ta zo kan baiti na biyu inda za ta kira sunan Mai Ceto. Harshe ya bi hanyar da ya saba bi sau hamsin a rana.

"Kabonet, kabonet, ina kake?"

An ce tulun kiɗa ne ya fara tsayawa, sannan kacau-kacau. Mata talatin suka zuba mata ido. Mama ta buɗe ido ta yi dariya, ta ce karatun Tabita ne, a ci gaba. Wasu suka yi dariya tare da ita. Mama Asabe mai buga tulu, maƙwabciyarmu, ba ta yi ba. Ta daɗe tana jin mu ta bayan danga, abin yana damunta, yanzu ga shi ya shigo har ɗakin Allah. Ta je ta faɗa wa dattawa.

Kada ku yi saurin zagin ta, don ni na riga na yi muku wannan aikin shekara da shekaru, bai kuma amfane ni da komai ba. Akwai abin da ya kamata ku sani. Mahaifin Mama shi ne mai kula da ɗakin dodo a ƙauyenmu kafin bishara ta iso, kuma bai taɓa tuba ba har ya mutu. Dattawan ikilisiyarmu a lokacin duk daga cikin wannan suka fito. Sun san waƙoƙi masu kalmomin da ba a faɗa wa mata da yara ma'anarsu, sun kuma ga abin da aka yi da su. Babbansu, Dattijo Bulus, da hannunsa ya ƙone kayan gadonsa a tsakar gari, danginsa suka yi shekara bakwai ba sa cin abinci da shi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma ma gudu yake. Ga 'yar mai ɗakin dodo ta tsaya gaban bagade, a kan muryar waƙar sujada, tana kiran wani suna da ba wanda ya sani, tana tambayarsa ina yake.

Ran Lahadi bayan an tashi sujada aka ce mu tsaya, ni da Mama da Baba. Dattawa biyar a benci ɗaya, mai bishara a gefe. Na zo da littafina, gabana ko faɗuwa bai yi ba, don a ganina abin dariya ne da za a kashe cikin minti biyar. Mai bishara ya buɗe littafin ya duba haruffa da lambobi da 'yan gicciye da 'yan sanduna, ya ce da alama dai abin makaranta ne. Dattijo Bulus ya gyaɗa kai. Dogo ne, siriri, muryarsa a hankali, bai taɓa ɗaga ta ga kowa ba.

"Na yarda abin makaranta ne. Saratu, ba mu ce kin yi tsafi ba. Amma kin kira suna a ɗakin Ubangiji, dole mu san wanda kika kira. Tabita, ke ne mai karatu. Menene kabonet?"

Na miƙe tsaye kamar a aji.

"Si o tiri ne, Baba. Tu mainos."

"Wannan amsa ne, ko wani sabon tambaya? Ni na tambaye ki menene shi. Ana ci? Ana sha? Yana sama ne ko yana ƙasa? Kin taɓa ganin shi da ido?"

"Radikal ne, Baba."

"Menene radikal?"

Na duba littafin, littafin ya dube ni. Wata uku ina amsa kiran kabonet dare da rana, ban taɓa tambayar kaina ko menene shi ba, ba wanda kuma ya taɓa faɗa mini. Ya tambaye ni salfet, ya tambaye ni naitiret, ya ba ni lokaci, har ya ce in zauna in yi tunani. Zufa ta jiƙa mini rigar sujada. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban sake ji ba.

"Kin gani, 'yata," in ji shi. "Ko kukan dodo, in kin tambaye ni, zan faɗa miki ma'anan shi. Abin da mai shi ma bai san ma'anan shi ba, ba zan bari a ɗora shi a kan waƙan Allah ba."

Suka yi shawara a gabanmu, suka kawo hukuncin da a ganinsu sassauci ne. Mama ta tsaya gaban ikilisiya ta nemi gafara, ta yi alkawari ba za ta ƙara rera waɗannan kalmomi a kan wannan murya ba, a majami'a ko a gida. In ta yi haka, magana ta wuce, ta je Kafanchan ta ba da waƙarta. In ba ta yi ba, ta sauka daga gaba.

Neman gafarar bai dame ta ba, nan take ta durƙusa ta nema, ta ce harshe ne ya zame. Amma a kan alkawarin sai ta juyo ta dube ni, ta tambaye ni da yarenmu, a hankali, ko zan iya riƙe su in ta bari. Saura mako takwas jarrabawa. Na san gaskiya, don na gwada: in ba muryar nan, da kiran nan nata, sai su fara musayar lambobi. Da ina da wayo da na ce zan iya. Sai na sunkuyar da kai, ita kuwa ta san ma'anar sunkuyon kaina tun ina goye.

"Dattawa, ku yi haƙuri. Sai bayan jarrabawa zan bari."

"Saratu," in ji Baba daga bayanta.

"Ba zan yi alkawari gaban Allah in koma bayan ɗaki in karya shi ba. Yarinyan nan sau ɗaya za ta zauna. Kai ka faɗa."

Dattijo Bulus ya ce muryar ai ba tata ba ce kuma, ta riga ta ba Allah, abin da aka sa a baiko ba a mai da hannu a ɗauka. Mama ta ce haka ne, aro ta yi, Mai shi kuma ya san dalili. Aka yi addu'a aka tashi.

A gida Baba ya yi faɗan da ban taɓa jin ya yi ba. Ya ce ta canza murya mana, waƙoƙi nawa ne a kanta, ko ta nika ce ko ta noma. Mama ta ce a gwada. Muka gwada kwana uku a kan wata waƙar daka, na rikice gaba ɗaya, na ba fosfet ragi ɗaya, na mai da amoniyam ɗan gida. Mama ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, muka koma kan ta farko. Baba ya ce to ta yi alkawarin mana, ta riƙa rerawa ƙasa-ƙasa, wa zai ji.

"Wanda na yi wa alkawarin kurma ne?"

Bai ƙara tayar da maganar ba. Amma na lura tun daga ranar ya ɗauke mini ɗiban ruwan safe, ya ɗora wa ƙannena, bai ce don me ba.

Ranar tafiya Kafanchan ruwan farko ya riga ya sauka, muna gonar citta ta bakin hanya muna rufe shuka da ciyawa. Mama ce ta zaɓi mu je wannan gonar, ko da yake akwai wata a can cikin fadama da ta fi bukatar hannu. Da hantsi muka ji motar tun daga nesa, babbar mota mai bodin katako, cike da mata cikin zanen zumunta, tulu na tashi, suna rera waƙar Mama. Ƙanwar Mama Asabe ce ke bayarwa. Wasu suka ɗaga mana hannu, wasu suka kau da kai. Mama ta miƙe da damin ciyawa a hannu, ta bi motar da ido har ta sha kwana, ta ci gaba da saurare har sautin ya ɓace. Ni ina durƙushe ina kuka a cikin kunya, ina roƙon ƙasa ta tsage.

"Suna jan shi da yawa," in ji ta. "Na faɗa musu baiti na biyu ba a jan shi."

Ta sunkuya ta baza ciyawar, ta share fuska da bakin zane, ta ce zufa ce. Sannan ta ɗaga murya.

"Naitiret, naitiret, ina kake?"

Na amsa ƙasa-ƙasa. Ta ce ba ta ji ba, na sake.

Ranar jarrabawa, da aka ce a fara, ban ko karanta tambaya ta farko ba. Na juya bayan takardar tambayoyi, na rufe ido, ina buga babban yatsan ƙafa a cikin takalmi, Mama na kira a kaina ina rubutawa, baiti bayan baiti har baƙon ƙarshe. Sannan na juyo na fara aiki. Da na dawo gida ta tambaye ni ko sun amsa, na ce duka sun amsa. Ta ce madalla, kuma daga ranar ba ta sake rera waƙar da kalmomina ba, kamar yadda ta faɗa wa dattawa. Da sakamako ya fito na ci kemistiri, ba da rinjaye mai yawa ba, amma na ci. Baba ya yanka zakara, ya zagaya ƙauye da takardar a aljihun gaba yana nuna wa har waɗanda ba su tambaya ba.

Na ɗauka shi ke nan, za a mai da Mama wurinta. Ba a mai da ta ba. Ba wanda ya hana ta Jibin Ubangiji, ba wanda ya kore ta daga zumunta, amma gaba ta riga ta samu mai ita, Dattijo Bulus kuma ya ce har yanzu bai ji ma'anar abin da aka kira ba. Mama ba ta roƙa ba. Ta koma layi na biyu tana amshi, tana rage murya don kada ta danne mai bayarwa. Haka ta zauna har ta koma ga Ubangiji, ba ta sake ba da waƙa a gaban taro ba. Bakin mutane kuwa ya yi aikinsa, labari ya tashi daga kuskuren harshe ya zama abin da tsohuwar nan ta faɗa wa Murna.

Sai a shekarata ta biyu a kwaleji na sami amsar. Wani tsohon malami ya shigo aji da jakar cefane, muka fara dariya. Ya zazzage a tebur: kanwa, ɓawon ƙwai, sodar da mata ke dafa sabulu da ita, ɗan ƙullin takin zamani. Ya ɗora kanwar a faranti, ya matsa mata lemun tsami, ta fara kumfa tana tsuwa. Ya ce wannan kumfar da kuke gani, kabonet ne ke sakin iskarsa. Ya ɗaga soda ya ce haidiroksaid. Ya ɗaga taki ya ce ga amoniyam ga salfet, sun kwana a buhu ɗaya a ɗakin ubanku. Aji na dariya, ni kuwa na zuba wa farantin ido. Kanwa. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Kalma ɗaya ce tak dattijon nan ya nema a wurina, kalmar da ko ƙanwata ta goye ta sani.

Dattijo Bulus ya riga ya rasu tun daminar da ta gabaci wannan darasin, don haka ban sami kai masa amsarsa ba. Na daɗe ina jin haushinsa, amma yau da nake rubutun nan ina gode masa, don a duk karatun da na yi ba wanda ya yi mini tambayar da ta kai tasa. Shekara talatin da 'yan kai na koyar da kemistiri, daga Kauru har na dawo Kafanchan, kuma ba ɗalibin da na bari ya haddace suna sai ya faɗa mini ko ana ci, ko ana sha, ko ya taɓa gani da ido. Sun sa mini suna Malama Cefane, sun ɗauka ban sani ba. Waƙar ma na koya musu, a kan wata murya dabam. Duk abin da kuka ci a gidan nan, da makarantun da kuka yi, daga bakin matar nan da ba ta san harafi ba suka fito, kuma ta san abin da za ta rasa tun kafin ta buɗe bakin. Ban taɓa iya gode mata yadda ya kamata ba, don duk lokacin da na fara sai ta aike ni.

Ran Asabar ɗin makon da malamin ya kawo jakar cefanen na shiga kasuwar Kafanchan na sayi kanwa da lemun tsami, na hau mota zuwa gida. Ban ko yi tunanin cewa akwai kanwa a gidan ba. Na sami Mama a bakin murhu da rana, tana kaɗa miyar karkashi. Ko gaisuwa ban gama ba na ɗauki murfin kwano, na ɗora kanwar, na matsa lemun. Ta leƙo tana kallon kumfar.

"Mama, ga kabonet."

"Ina?"

"Ga shi nan. Yana cikin kanwa. Shi ne yake wannan kumfan."

Ta dubi murfin, ta dube ni, ta sake duban murfin.

"Kanwa? Kanwan miya?"

"Shi. Haidiroksaid kuma sodan sabulunki ne. Salfet yana cikin takin Baba."

Ta ajiye maburgi ta zauna a kan turmi. Dariya ta fara kama ta daga kafaɗa, ta yi ta yi har ta riƙe ciki, har hawaye suka zubo, har Baba ya leƙo daga rumfa ya ga ko lafiya.

"Ishaku, zo ka ji. Ashe wata biyar ina tsaye ina kiran kanwa, ina tambayan shi ina yake. Yana cikin gwangwani a bayana."

Ni ban iya dariyar ba. Na durƙusa a gabanta, na ce ta yafe mini, da na sani a ranar da ta je Kafanchan, da har yanzu ita ke gaba. Na ce zan tsaya ran Lahadi in faɗa wa ikilisiya duka. Ta ce in bar matar mutane ta yi waƙarta, ta saba da wurin, ba za a yi saukarwa biyu a kan kanwa ɗaya ba. Na ci gaba da kuka. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta share idonta, ta ɗauki maburgi.

"Tabita, kin ci jarrabawan ko ba ki ci ba?"

"Na ci, Mama."

"To miƙo mini kabonet ɗin nan. Miya yana jira."